Dusar Ƙanƙara Mai Binne Gari

Yau labarinmu na wata ƙasa ce mai nisa, kuma a kan wani abu ne wanda yawancinmu ba mu taɓa sa shi a ido ba. Za mu yi magana a kan dusar ƙanƙara, yadda ta ke taruwa a bisa manyan duwatsun Turai, da yadda ta kan zaftaro a ƙarshen ɗari ta binne mutane da gidajensu.

Ƙanƙara dai kun san ta. Ita ce wadda ta kan zo da hadari wani lokaci, ta yayyage ganyen dawa, yara su fita su tsinta suna tsotsa. To, dusar ƙanƙara dabam ta ke. Ba ta da tauri, ba ta kuwa ƙara in tana sauka. Fara ce fat, tana saukowa a hankali kamar audugar rimi in iska ta kwaso ta. A ƙasashen sanyi ita ce ruwan samansu na lokacin ɗari. In ta sauka ba ta gudu ta shiga rafi kamar ruwa, sai ta kwanta nan inda ta faɗi, har wata ta zo ta hau kanta.

Duwatsun da mu ke nufi su ne waɗanda a ke kira Alps. Sun ratsa Faransa, da Suwizalan, da Italiya, da Ostiriya, da waɗansu ƙasashe na kusa da su. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Mont Blanc, wajen mita 4,800. Mita ɗaya kuwa ya ɗara yadi kaɗan. Mutanen wurin suna zaune a cikin kwaruruka, dutse ta nan, dutse ta can. Tun kaka da kakanni makiyaya ne, suna kiwon shanu, suna yin cuku. Yanzu kuma da yawansu suna cin abinci ta wajen saukar da baƙi, waɗanda su kan zo wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ɗarinsu ya kan fara wajen Disamba, kamar namu. Amma a Fabrairu da Maris, sa'ad da mu a nan mu ke ajiye bargo muna jin zafi ya soma, su a can dusar da ta ke kan duwatsunsu ta kai iyakar kauri.

To, ku saurara da kyau, don gindin maganar a nan ya ke.

Wanda ya dubi dutse a ƙarshen ɗari zai ga fari ne kawai, sumul, kamar an shimfiɗa alawayyo. Sai ya ce ai duk abu ɗaya ne daga sama har ƙasa. Ba haka ba ne. In an haƙa rami a cikinta, sai a ga hawa hawa ce, kamar yadda mai haƙar rijiya ya kan tarad da yashi, sa'an nan marmara, sa'an nan yumɓu. Ko wane zubin dusa ya bar tasa shimfiɗa. Akwai ta Disamba a ƙasa, ta Janairu a kanta, ta Fabrairu a sama. Wata ta yi tauri, wata garas-garas ta ke. In shimfiɗun nan sun kama juna sosai, to, lafiya. In kuwa akwai ɗaya a tsakani wadda ba ta riƙe ba, duk abin da ke kanta a bakin faɗuwa ya ke.

Ga misali. Ku ɗebi tsabar gero ku watsa a kan falalen dutse mai gangare. Ku kawo tabarma ku shimfiɗa a kai. Mai wucewa tabarma kaɗai zai gani. Da ya taka, sai tsaba ta mirgina, tabarma ta tafi da shi. Haka dusar ƙanƙara ta ke yi, sai dai tabarmar tata ta kan fi gonar mutum faɗi.

Ina tsabar nan ta ke fitowa? Ta hanya biyu ko uku. Ƙasar da ke ƙarƙashin dusa ba ta yin sanyi kamar iskar da ke sama, gama dusar ta rufe ta kamar bargo. In dusar farkon ɗari ba ta da kauri, ga kuma sanyi mai tsanani a waje, sai wani tururi wanda ido ba ya gani ya riƙa tashi daga ƙasa yana bi ta cikinta. Tururin nan shi ke sake ƙirar dusar, ta zama manyan ƙwayoyi kamar sukari. In ka damƙa a hannu ba ta dunƙulewa, sai ta zube. Wannan ta kan yi wata biyu ko uku tana nan a ƙasa ba ta gyaru ba. Hanya ta biyu kuwa, a daren da gari ya yi garau, babu iska, sai raɓa ta sauka a kan dusa ta daskare, ta zama kamar ƙananan gashin tsuntsu a tsaitsaye. Da safe abin gwanin sha'awa, yana ta ƙyalli. Amma in sabuwar dusa ta sauko ta rufe shi, ya zama tarko. Har wa yau, in rana ta narkar da saman dusa, dare ya yi ta sāke daskarewa, sai ta yi ɓawo mai santsi kamar kwalba, abin da ya sauka a kansa ba ya samun abin kamawa.

Ita kuma tabarmar, yawanci iska ce ke saƙa ta. Iska ta kan kwashe dusa daga gefen dutsen da ta ke bugu, ta haye da ita, ta jibge a ɗaya gefen. Tana jibgewa tana dannewa, kamar yadda mata ke yin daɓen ɗaki. Sai ka ga dare ɗaya ta tara abin da ya fi tsawon mutum, alhali abin da ya sauko daga sama bai kai gwiwa ba. Mutanen duwatsu sun daɗe da sanin wannan. Shi ya sa ranar da gari ya waye tas bayan iska da zubin dusa, ranar da baƙo ya ke murna ya ce yau ranar fita ce, ran nan ɗan gari ya fi yin hankali.

Kada ku ga kamar auduga ku ce ba ta da nauyi. A auna wuri mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi. In sabuwar dusa ce, nauyinta ya kan kai kilo 100, watau kamar babban buhun hatsi. In ta daɗe ta danne, ko ta jiƙe, sai ta kai buhu 3, ko 4, har 5. To, ku lissafa gefen dutse guda.

Ba ko wane gangare ne ke zaftarewa ba. In gangaren ya kwanta ƙwarai, dusa ba ta motsi. In kuwa ya miƙe kamar bango, ba ta samun wurin taruwa. Mugun wuri shi ne na tsaka-tsaki, wanda masana ke cewa digiri 30 zuwa 45. A taƙaice, daga inda taki biyu na hawa ke ɗaga mutum taki ɗaya sama, har zuwa mai kama da jinkar ɗaki. Abin takaici kuwa, irin wannan gangare shi ne ya fi daɗin zamiya.

In abin zai faru, sai shimfiɗar nan mai rauni ta burma a wuri ɗaya. Wani lokaci nauyin sabuwar dusa ne ke burma ta, wani lokaci nauyin mutum ɗaya tak. A kan ji wata ƙara daga ƙarƙashin ƙafa, dim, kamar an buga babbar ganga a cikin ɗaki. Nan da nan tsaga ta bi ta ko'ina, daɓen duka ya ɓalle gaba ɗaya ya nufo ƙasa. In dusar busasshiya ce, sai ta tashi kamar ƙura ta cika sama, gudunta ya kan kai kilomita 300 a awa. Ba doki, ba mota da za ta tsere mata. Iskar da ke gabanta ma kaɗai ta kan tumɓuke itatuwa, ta ɗauke rufin gida.

Masu binciken abin sun ce, cikin mutum 10 da dusa ta kan binne a wajen zamiya ko hawan dutse, wajen 9 su ne su ka tayar da ita da ƙafarsu, ko kuwa wani abokin tafiyarsu. A duwatsun Alps duka a kan rasa wajen mutum 100 ko wace shekara ta wannan hanya.

Ƙarshen ɗari kuma yana da wata wahala tasa. Daga Maris rana ta kan soma ƙarfi. Wani lokaci kuma wata iska mai ɗumi ta kan hauro duwatsu daga kudu, ko kuwa ruwan sama ya zuba a kan dusa. Sai ruwa ya riƙa tsiyaya ta cikin shimfiɗun nan yana kwance su. Irin wannan zaftarewa jiƙaƙƙiya ce. Ba ta da gudu kamar waccan, tana malalowa ne kamar ƙasar gini da aka kwaɓa, amma nauyinta ya wuce misali, tana tafe da duwatsu da kututture. Tana da lokacinta kuwa. In dare ya yi sanyi dusa ta daskare, da sassafe a kan wuce lafiya. Daga tsakar rana zuwa la'asar, wurin da mutum ya taka da safe ya ji tauri, sai ƙafarsa ta nutse har gwiwa. Saboda haka masu hawan dutse a wannan lokaci su kan tashi tun da duhu, su komo gida kafin rana ta take.

Bari mu ba ku labarin wani ƙauye, don ku ga yadda abubuwan nan ke haɗuwa. Sunansa Galtur, a lardin Tirol na ƙasar Ostiriya, a can ƙuryar wani kwari. Mutanensa ba su kai 1,000 ba. A ƙarshen Janairu na 1999 aka yi ɗan ɗumi, saman dusar da ke kan dutsen arewa da ƙauyen ya narke, ya sāke daskarewa, ya yi ɓawo. Sa'an nan hadari ya yi ta zuwa daga wajen teku, ɗaya bayan ɗaya, har sau uku. A cikin Fabrairu dusar da ta sauka a wurin ta kai wajen mita 4, ga iska kuma mai gudun kilomita 100 a awa tana ta jibge ta a kan ɓawon nan. Da ɓawon ya saki da wuri, da an yi ƙananan zaftarewa an huta. Amma sai ya riƙe, ya yi ta ɗaukar kaya har abin ya wuce wuri.

Hukuma ta riga ta rufe hanyar mota, don haka baƙi masu yawa su ka maƙale a ƙauyen kwana da kwanaki. Mutane ba su tsorata ƙwarai ba. An daɗe da zana taswirar ƙauyen, an raba shi kashi kashi. Akwai ja, inda ba a yarda a yi gini ba. Akwai rawaya, inda sai an yi gini mai ƙarfi. Akwai kuma inda aka ce dusa ba ta isowa, nan ne tsakiyar ƙauyen.

Ran Talata, 23 ga Fabrairu, wajen ƙarfe 4 na yamma, dutsen ya saki. Tsawon ƙurar dusar ya kai mita 50, ba ta kuwa cika minti ɗaya ba ta iso gari. Ta wuce ja, ta wuce rawaya, ta shiga har inda aka ce lafiya. Ta rushe gidaje, ta kife motoci, ta binne mutum fiye da 50. Ga hanya a rufe, ga hadari ya hana jirgin sama tashi. Babu wanda ya iya kawo gudummawa daga waje sai da gari ya waye. Mutanen ƙauyen da baƙinsu su ne su ka kwana suna tono cikin duhu da iska, su ka fid da fiye da mutum 20 da rai. Mutum 31 su ka rasu, yawancinsu baƙi. Kashegari kuma wata ta faɗa wa wani ɗan ƙauye kusa da su, mai suna Valzur, ta kashe mutum 7. A nan ne kare ya gano wani yaro ɗan shekara 4 a ƙarƙashin dusa, aka tono shi, ya rayu. Daga baya sai da jirage masu saukar ungulu na Ostiriya, da Jamus, da Amurka, da Faransa, da Suwizalan su ka yi ta jigila, su ka kwashe dubban mutane daga kwarin.

Me ya sa tonon daren nan ya fi gudummawar safe amfani? In zaftarewa ta tsaya, dusar ta kan daskare nan take, ta yi tauri kamar busasshen gini. Wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa, bai ma san ina ne sama ina ne ƙasa ba. Numfashinsa ya kan narkar da dusar da ke gaban fuskarsa, ta sāke daskarewa ta toshe masa iska. Likitoci sun bi lissafin waɗanda aka tono a Suwizalan shekara da shekaru. Sun ga in an fid da mutum cikin minti 15, a cikin 10 wajen 9 su kan rayu. In an kai minti 35, saura wajen 3. Ashe mai ceton mutum shi ne wanda ke kusa da shi. Don haka duk mai shiga duwatsu da hankali ya kan ɗauki abu uku: wata 'yar na'ura da a ke ratayawa a ƙirji, mai aika alama don a gane inda mutum ya ke, da doguwar sanda siririya ta soka dusa, da shebur. In za su ƙetare mugun gangare kuwa, ɗaya bayan ɗaya su ke bi, sauran su tsaya gefe suna kallo, don in ta ɗauki ɗaya a sami masu tono.

Karnuka ma suna da babban aiki a nan. A kan horad da su tun suna ƙanana su san ƙanshin mutum ta cikin dusa. Filin da mutum 20 masu sanduna za su yi awa 4 suna bincike, kare ɗaya ya kan gama shi cikin rabin awa. Akwai wani shahararren kare mai suna Barry, wanda ya zauna a wani masauƙin matafiya a kan hanyar dutse tsakanin Suwizalan da Italiya, ya mutu a 1814. An ce ya ceci mutum fiye da 40. Har yanzu ana nuna shi a gidan ajiye kayan tarihi na birnin Bern.

Masu ceto su ma ba su tsira ba, gama inda ɗaya ta zaftaro, wata tana nan rataye. A Fabrairu na 2020, a lardin Van na ƙasar Turkiyya, dusa ta binne wata mota. Jama'a su ka taru suna tono, kashegari ta biyu ta sauko a kansu. Mutum fiye da 40 su ka rasu, yawancinsu masu ceto ne. A Afganistan kuma, a Fabrairu na 2010, fiye da mutum 160 su ka halaka a hanyar Salang, a cikin motocinsu.

Mutanen Alps dai ba su zauna sun naɗe hannu ba. Tsohuwar dabararsu ita ce daji. Itatuwa masu yawa a kan gangare su kan riƙe dusa kamar yadda turaku ke riƙe danga. A wani gari mai suna Andermatt a Suwizalan, tun 1397 aka rubuta doka cewa kada kowa ya sari ko reshe a kurmin da ke bisa garin. Kurmin yana nan har yau. Mu dai a ganinmu, cikin dukan dabarunsu babu wadda ta kai wannan araha, sai dai tana son haƙuri, don itace a wurin sanyi ya kan yi shekaru masu yawa kafin ya isa aiki.

Abin da ya tashe su tsaye sosai shi ne ɗarin 1951. A Janairu da Fabrairu na shekaran nan dusa ta kashe mutum fiye da 260 a duwatsun Alps, 98 daga cikinsu a Suwizalan. Daga nan aka shiga kafa shingaye na ƙarfe a can saman duwatsu, jeri jeri, daidai inda dusa ke ɓallewa, don a riƙe ta tun ba ta motsa ba. Waɗanda ke Suwizalan kaɗai, in an jera su, sun wuce kilomita 500. Aka yi wa hanyoyin mota da na jirgin ƙasa rumfunan siminti, dusa ta riƙa bi ta kai. Wani wuri kuma a kan rufe hanya, a jefa nakiya a kan gangare, a zubo da dusar da gangan tun tana kaɗan. Aikin ya yi amfani. A Fabrairu na 1999, ko da ya ke dusar da ta sauka ta yi kama da ta 1951, waɗanda su ka rasu a gidaje da kan hanya a Suwizalan mutum 17 ne.

Akwai kuma ma'aikata a garin Davos waɗanda ba su da aiki sai binciken dusa. Tun 1945 su ke ba da sanarwar hatsari ga jama'a. Su da wakilansu su kan haƙa rami a kan duwatsu, su bi shimfiɗun ɗaya ɗaya. Su tura dunƙulen hannu, in bai shiga ba su gwada yatsa huɗu, sa'an nan yatsa ɗaya, sa'an nan fensir, sa'an nan wuƙa. Ta haka su ke gane mai tauri da mai rauni. Tun 1993 ƙasashen Turai su ka yarda da ma'auni ɗaya mai hawa 5. Lamba 1 hatsari kaɗan, lamba 5 hatsari mai yawa ƙwarai. Abin da zai ba ku mamaki, an fi mutuwa a ranar lamba 3. In an ce 4 ko 5 kowa ya kan zauna gida. In an ce 3, sai mutum ya ce ai tsaka-tsaki ne, ya ɗauki kayansa ya fita.

A Galtur kuwa, bayan abin da ya faru, an kafa shingayen ƙarfe a kan dutsen da ya saki, an sāke zana taswirar ƙauyen. An kuma gina katanga mai tsawon mita 345, tashinta mita 19, tsakanin dutsen da gidajen mutane. A jikin katangar, ta gefen gari, aka yi ma'ajin motocin kashe gobara, da wani gida inda a ke nuna wa baƙi tarihin kwarin, har da ɗakin tunawa da waɗanda su ka rasu.